Gidan Limamin Cocin Haworth: Yadda Aka Gina Shi da Yadda Aka Yi Ta Sāke Shi

 

Maganata a yau a kan wani tsohon gida ce da ke arewacin Ingila, a ƙauyen Haworth na yankin Yorkshire ta Yamma, kusa da garin Keighley, a ƙarƙashin hukumar birnin Bradford. Gidan limamin cocin Angilika ne. Duniya ta san shi ne saboda 'yan mata uku 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, Charlotte da Emily da Anne Brontë, waɗanda a cikinsa suka rubuta mafi yawan littattafansu, har da Jane Eyre da Wuthering Heights da Agnes Grey da aka buga a 1847. Littattafan suna da masu magana a kansu, kuma sun fi ni iyawa. Ni rabona shi ne dutse da bango da taga. Kuma tun da wuri zan faɗi inda na dosa, don kada in wahalar da ku: akwai wani limami, Rabaran John Wade, da masoya iyalin Brontë suka daɗe suna ɗora wa laifin ɓata gidan. Na yi imani an yi masa rashin adalci a yawancin tuhumar, ko da yake akwai inda laifin nasa ne da gaske, kuma zan nuna wurin.

An gina gidan a tsakanin 1778 da 1779, a can ƙarshen ƙauyen, inda hanya mai hawa take ƙarewa. Fuskarsa tana kallon gabas, wajen cocin. Tsakaninsa da cocin akwai ɗan lambu da maƙabarta, kuma maƙabartar ta kewaye shi ta gefe biyu. Bayansa kuwa tuddai ne masu ciyawa da ƙananan tsirrai, babu itatuwan da za su tare iska. Wanda ya san wannan ya san dalilin da ya sa aka gina shi yadda aka gina shi. Dutsen da aka yi amfani da shi na yankin ne, mai tauri da kaushi, irin wanda ake sassaƙa dutsen niƙa da shi. Rufin ma falalen dutse ne masu nauyi, domin rufi mara nauyi ba zai kai labari ba a gaban iskar hunturun wannan tudu.

Fasalin fuskar gidan irin na zamanin sarakunan Ingila masu suna George ne, zamanin da magina suka ɗauki daidaito a matsayin kyau. Hawa biyu ne. Ƙofa tana tsakiya daidai, da ginshiƙai na ado a gefenta da ɗan kambi mai kusurwa uku a samanta. A ƙasa taga biyu a dama, biyu a hagu. A sama taga biyar a jere, ta tsakiya tana bisa ƙofa. Tara ke nan. Kowace taga irin mai zamewa sama da ƙasa ce, an rarraba gilashinta ƙanana-ƙanana da siraran katako, domin a lokacin babban gilashi guda yana da tsada da wuyar samu. In ban da adon ƙofar nan, babu wani ƙawa a jikin ginin. Gida ne na mai rufin asiri, wanda ake so a gan shi a san mai ilimi ne ke ciki, amma ba a so a ɗauke shi attajiri.

Ku bar ni in shigar da ku ciki, domin duk maganar gyare-gyaren da za ta biyo baya tana rataye ne a kan wannan tsari. Da ka shiga ƙofa, zaure ne dogo mai daɓen falalen dutse. A hannun dama ɗakin karatun limami. A hannun hagu ɗakin cin abinci, wanda shi ne kuma falon iyali. Bayan ɗakin karatu kicin, bayan ɗakin cin abinci kuma wani ɗan ɗakin ajiya da ake zuba makamashi. A ƙarshen zauren matakala ce ta dutse, a tsakiyarta akwai dogon agogo na tsaye. A sama manyan ɗakunan kwana biyu a gaba, da wani ɗan tsukukun ɗaki a tsakaninsu bisa zaure, sai biyu a baya. Ɗaya daga cikin na bayan na masu aiki ne, kuma da farko ta wata matakala ta waje ake hawansa, ba ta cikin gida ba. Wannan matakala kaɗai ta ishe ka fahimtar yadda zamanin ya ɗauki tsakanin maigida da bara. A ƙarƙashin gidan akwai ɗakunan ajiya, a tsakar gida ta baya akwai rijiya da masai, da wani ƙaramin kicin na wanki da aka manna a bayan babban kicin.

Limamai biyu sun zauna a gidan kafin a san sunan Brontë a Haworth: John Richardson, sannan James Charnock wanda ya rasu a 1819. Patrick Brontë, haifaffen Ailan da ya yi karatu a Cambridge, ya iso ne a watan Afrilu na 1820 da matarsa Maria da 'ya'ya shida. Akwai abu ɗaya da nake so ku riƙe. Gidan ba nasa ba ne. Gidan aiki ne, yana tare da muƙamin, ana zama ba haya muddin ana kan aikin. Ranar da limami ya rasu, iyalinsa su tattara komatsansu. 'Ya'yan Patrick sun tashi da sanin haka, kuma yana daga cikin abin da ya tura 'yan matan neman aikin koyarwa a gidajen mutane. Duk wanda ya manta cewa gidan limami na wanda ke kan aiki ne, ba zai taɓa yi wa Wade adalci ba.

Shekara talatin na farkon zaman Brontë kusan ba a taɓa ginin ba, don babu kuɗin taɓawa. Ƙawar Charlotte, Ellen Nussey, ta bar mana bayanin yadda ta ga cikin gidan: babu labule a tagogi, sai murafan katako na ciki, darduma kaɗan ce, daɓen dutse a wanke tas. Rashin labulen ba talauci kaɗai ba ne. Patrick yana tsananin tsoron gobara, domin a matsayinsa na limami ya binne yara da dama da wuta ta kama tufafinsu. Sanyin daɓen kuwa, 'yar'uwar matarsa, Elizabeth Branwell, wadda ta zo daga kudu mai ɗumi ta riƙe yaran bayan rasuwar mahaifiyarsu a 1821, da takalman katako take yawo a cikin gida saboda shi.

Ga kuma maganar ruwa, wadda ba a raba ta da maganar gini. A 1850 gwamnati ta aiko wani mai bincike, Benjamin Herschel Babbage, bayan koke-koken da Patrick Brontë yake kan gaba wajen kaiwa. Rahotonsa ya nuna cewa matsakaicin shekarun da mutum yake rasuwa a Haworth 25.8 ne, kuma fiye da kashi 41 cikin ɗari na yara ba sa kai shekara shida. Maƙabartar da ta cika ta batse tana saman ƙauyen, ruwan sama yana ratsa ta ya gangara. Gidan limami yana manne da ita. Wannan shi ne gidan da masu ziyara suke kallo yau suna sha'awa.

To, wa ya fara rushe bango a gidan? Charlotte Brontë ce da kanta. Da kuɗin littattafanta suka fara shigowa, a 1850 ta sa aka matsar da bangon ɗakin cin abinci ya ci wani yanki na zaure, aka yi haka nan ga ɗakin kwanan da ke bisansa. Zauren ya ƙuntata, ɗan tsukukun ɗakin sama da yaran suka yi wasa a cikinsa suna ƙanana ya ƙara tsukewa. Ta kuma rataya labule, abin da mahaifinta ya daɗe yana hanawa. Da marubuciya Elizabeth Gaskell ta kawo ziyara a 1853, jan launi ne ta tarar ya mamaye falon. Ku lura da shekarun. Emily ta rasu a watan Disamba na 1848, Anne a watan Mayu na 1849. Ma'ana, falon da 'yan matan uku suke zagaya teburinsa da dare suna karanta wa juna abin da suka rubuta, ba shi ne girman falon da ake nuna wa baƙi yau ba. Emily da Anne ba su taɓa ganin wannan ba.

Ba ta tsaya nan ba. A 1854, da za ta auri mataimakin mahaifinta, Arthur Bell Nicholls, sai ta mai da ɗakin makamashin nan ɗakin karatu saboda shi. Aka gina murhun jin ɗumi, aka manna takardar ado a bango, ta ɗinka labule kore da fari. Mu nan mun san irin wannan: a gidan gandu, in ɗa ya tashi aure sai a fitar da tarkacen wani ɗaki, a yi yaɓe, a huda sabuwar ƙofa, kuma ba wanda zai ce an ɓata gidan kakanni. Ba a taɓa jin wani masoyin Brontë ya zargi Charlotte da wannan aiki ba, kuma bai kamata a zarge ta ba. Abin da nake tambaya kawai shi ne, me ya sa mudun da aka auna mata ba shi aka auna wa wanda ya biyo baya ba?

Charlotte ta rasu ranar 31 ga Maris 1855. Patrick, wanda ya binne matarsa ya kuma ga rasuwar 'ya'yansa shida duka, ya cika a watan Yuni na 1861 yana da shekara 84. Nicholls ya so ya gaje shi, amintattun cocin suka ƙi, suka zaɓi John Wade. A watan Oktoba na shekarar aka yi gwanjon kayan gidan, Nicholls ya koma Ailan da abin da ya keɓe. Saboda haka Wade bai tarar da gidan tarihi ba. Ya tarar da ɗakuna fayau, a gida mai shekara fiye da tamanin, mai sanyi da laima, a garin da masaƙun ulu suka cika shi da jama'a. Ya zauna a ciki shekara 37, har 1898.

A 1878 ya gina sabon sashe a gefen arewa, wato hannun damanka in kana fuskantar gidan. Shi ne abin da ido yake fara gani a kowane hoto: sashe mai goshi mai tsini yana kallon gaba, ya ɗara tsohon ginin tsayi, da manyan tagogi irin na zamanin Sarauniya Biktoriya. Ya karya daidaiton nan na tara da ƙofa a tsakiya, babu musu. Ya kuma cire ƙananan gilasan tsofaffin tagogin ya sa manya, don haske ya ƙaru. A zamaninsa ne aka dasa itatuwan da suka lulluɓe maƙabartar yanzu, saboda lafiyar ƙasa da ta jama'a. Bai kuma yi maraba da masu zuwa leƙen gidan ba, abin da ya ƙara masa baƙin jini. Amma wane magidanci ne zai ji daɗin baƙin da bai sani ba suna ƙwanƙwasa masa ƙofa suna neman ganin ɗakin kwanansa?

Ku dubi aikin da idon magini, ku ajiye son zuciya. Wade ya yi amfani da irin dutsen da aka gina gidan da shi, don haka sabo da tsoho ba sa faɗa da juna a launi. Bai rushe tsohuwar fuskar ba, bai ɗora mata hawa na uku ba, bai shafe ta da siminti ba. A gefe ya ƙara. Bai kuma yi ƙoƙarin ya yaudari kowa cewa sashensa ginin 1779 ne ba. Yaro ma zai nuna maka inda tsoho ya ƙare sabo ya fara. A yau wannan ita ce shawarar da ƙwararru suke ba wanda zai ƙara gini a jikin tsohon gida: a ƙara a inda za a iya bambancewa, a bar na asali ya ci gaba da bayyana. Tagogin da ya canza kuwa, an maido da ƙananan gilasan daga baya, domin canjin bai taɓa dutsen ba.

Yanzu ga inda ba zan kare shi ba. Don a sami hanyar shiga sabon sashen daga cikin gida, sai aka mai da tsohon kicin mashigi. Aka cire murhun girki, aka toshe tagar da ke kallon tuddai, aka rushe kicin ɗin wanki na baya. Wannan rashi ne babba. A kicin ɗin nan ne tsohuwar mai aikinsu, Tabitha Aykroyd, take ba yaran labaran yankin, a nan kuma Emily take kwaɓa burodi da littafin Jamusanci a jingine a gabanta. Ko da ba a haifi marubuci ko ɗaya a gidan ba, kicin na 1779 da murhunsa shaida ce kan yadda mata da barori suka yi rayuwa, kuma irin wannan shaida ita ce kullum ake fara zubarwa, a bar falon maigida. Murhun da ke wurin yau an samo shi ne daga wani wuri, na zamanin ne amma ba na gidan ba. Sai kuma cocin. A 1879 Wade ya sa aka rushe shi in ban da hasumiya, aka gina sabo da aka gama a 1881, duk da ƙorafin da ya taso daga sassan ƙasar. An ce tsohon ya lalace kuma bai da lafiyar zama. Ko da haka ne, gyara yana yiwuwa. Abin da aka rushe ba a maido shi, wannan shi ne bambancinsa da taga.

Shekara ɗaya kafin a gina sashen Wade, a 1877, William Morris da abokansa suka kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a Ingila. Abin da ya tunzura su shi ne masu kankare duk wani ƙari na baya a jikin tsohon gini, wai don a komar da shi yadda yake a asali. Ra'ayinsu shi ne a riƙa ɗinke ɓaraka, a tare ruwa, a bar wa kowane zamani abin da ya ƙara. Yarjejeniyar Banis ta 1964 kan adana wuraren tarihi ta bi wannan sawu, inda ta nemi a mutunta gudummawar kowane zamani, ba a nemi gini ya zama salo ɗaya ba. Da wannan ma'auni rushe cocin kuskure ne. Da shi kuma, duk wanda ya ce a rushe sashen Wade don a maido da gidan Brontë, kuskuren Wade ɗin yake son maimaitawa.

Dokar Ingila ma haka ta tsaya. Tun daga dokokin tsara birane na 1944 da 1947 aka fara rubuta gine-ginen tarihi a rajistar gwamnati, kuma dokar 1990 ce take tafiyar da al'amarin yanzu. Daraja uku ce. Fiye da kashi 90 cikin ɗari suna daraja ta biyu, wasu kaɗan suna ta biyu mai tauraro, sai wajen kashi 2.5 cikin ɗari da ke daraja ta ɗaya. Gidan Haworth yana cikin waɗannan na ƙarshe. Kariyar ta shafi ginin duka, ciki da waje, da abin da aka manna masa. Ba a keɓe ɗakunan Brontë a bar na Wade ba. Duk mai son ya huda bango ko ya canza taga sai ya nemi izinin ƙaramar hukuma, yin aikin ba izini kuwa laifi ne da ake gurfanar da mutum a kotu a kansa. Akwai wani abu da ba kowa ya sani ba: cocin Angilika da ake ibada a cikinsa an ɗauke masa neman wannan izini, domin cocin tana da nata tsarin ba da izini, amma gidan da limami yake kwana ba ya cikin rangwamen. A idon doka gida ne kamar kowane gida.

Bayan Wade limamai uku sun ƙara zama a gidan. A halin nan ƙungiyar masoya Brontë, wadda aka kafa a Bradford a 1893, tana baje kayanta a saman wani banki a babban titin ƙauyen tun 1895. A 1928 Sir James Roberts, ɗan asalin Haworth da ya yi arziki a harkar ulu har ya mallaki masaƙar Saltaire, ya sayi gidan a kan fam 3,000 ya miƙa wa ƙungiyar. Aka buɗe shi ga jama'a ranar 4 ga Agusta 1928, limami ya koma sabon gida. A ganina wannan shi ne canji mafi girma da ya taɓa samun gidan, ko da yake ba a ɗaga dutse ko ɗaya ba a ranar. Ya daina zama inda ake zuwa neman ɗaurin aure ko sanar da rasuwa.

Kuma ƙungiyar ba ta daɗe ba ta gane amfanin abin da mambobinta suke kuka da shi. Rubuce-rubucen hannu da littattafan da wani Ba'amurke ɗan Philadelphia, Henry Bonnell, ya tara ya bar mata, da ɗakin masu bincike, da wurin baje koli, ina za a sa su a gida mai ƙananan ɗakuna irin wannan? Sashen Wade ne ya ɗauke nauyin, shi ya sa aka iya barin tsofaffin ɗakunan a matsayin ɗakunan zama. Da wurin ya ƙara yin kaɗan, ita ma ƙungiyar ta yi nata ƙarin gini a baya wajen 1960. A 2013 aka sake yi wa ɗakunan fenti da takardar bango, bayan an ɗebi 'yan ɓarɓashin bangon an duba launukan da ke kwance bisa juna. A 2015 kuma aka sayo teburin cin abincin nan da aka sayar a gwanjon 1861, da tallafin fam 580,000 daga asusun adana kayan tarihi na ƙasa. Ayyuka ne na kirki, an yi su da kulawa, ina kuma yaba su. Amma kowannensu zaɓi ne: an zaɓi a nuna gidan kamar yadda yake a zamanin Brontë, har da gyaran Charlotte, kafin na Wade.

Mu yi lissafi. Daga 1779 zuwa 1820, shekara 41 a hannun Richardson da Charnock. Daga 1820 zuwa 1861, shekara 41 a hannun Brontë. Daga 1861 zuwa 1928, shekara 67 a hannun Wade da magadansa uku. Daga 1928 zuwa yau, ana dab da cika ɗari a matsayin gidan tarihi. Ban ce a daidaita Wade da Emily Brontë ba. Ba don ita da 'yan'uwanta ba, da babu mai hawan wannan tudu daga Japan ko Amurka. Abin da nake nema ƙarami ne, kuma ku ɗalibai masu shirin aiki a kan tsofaffin gine-gine ya fi shafa. In an ba ku gida irin wannan, ku fara da auna kowane bango ku rubuta shekararsa da wanda ya gina shi da abin da ya sa, kafin ku yanke wanda ya cancanci zama. Ku ɗauki hoton kicin da masai da matakalar barori kamar yadda za ku ɗauki na falo. In kuma dole sai an canza wani abu, ku zaɓi canjin da na bayanku zai iya warwarewa in ya ga kun yi kuskure.